Allin da ke Kafaɗata

Shekara goma sha ɗaya ina kitso a titin Webster, a Bronx,
hannu a sama tun hantsi har mai kantin kusurwa ya ja ƙofarsa.
Shuku, zane, kalaba, da ƙananan nan da 'yan makaranta ke so.
Kai ya tashi, kai ya zauna,
ni dai ina tsaye.

Sai wani dare kafaɗar dama ta ce ta gaji.
Ko sallama babu.
Ƙarfe uku ta tashe ni, kamar an soka tsinken tsire an manta da shi a ciki.
Na juya hagu, ta biyo ni.
Na tashi zaune, ta zauna tare da ni.
Da asuba hannu ya ƙi kaiwa kunne don kabbara,
ɗankwali kuwa da hannu ɗaya da haƙori na ɗaura shi.

Na shafa man zafi.
Na shafa man kaɗanyar da Gambo ta kawo daga Kumasi.
Uwani ta ce sammu ne,
wai mai shagon gaba ba ta son ganin layi a ƙofata.
Na ce, haba Uwani, wadda ke karɓar zare bashi a wurina?

Likita Reyes ta haska hoton a allo:
ga ƙashi, ga inuwa,
ga wani farin abu a sama, bai wuce ƙwayar wake ba.
Ta ce kalsiyam ne ya taru cikin jijiya, ya daskare kamar alli.
Na ce, alli? Ni da ban taɓa koyarwa ba?
Ramlatu 'yata ta fassara mata, har da dariyar.
Na ce, to daga ina ya zo?
Ta ɗaga kafaɗunta biyu, lafiyayyu,
ta ce sau da yawa ba a sani.

Ranar Laraba muka hau jirgi mai lamba huɗu,
ina kare hannuna daga jakunkunan mutane kamar mai ɗauke da ƙwai.
Mai sanyi a fata. Allurar kashe zafi.
Sannan doguwar ta shiga, ina kallonta a allo
tana lalube cikin duhun jikina har ta ƙwanƙwasa farin dutsen.
Ruwan gishiri ya shiga garau,
ya dawo fari kamar tsinkakken koko.
Ya shiga, ya dawo.
Ya shiga, ya dawo.
Da ta gama ta ɗaga mini sirinjin,
abin ya kwanta a ƙasa kamar gasara.

Wannan?
Wannan da bai cika cokalin shayi ba
shi ya cinye mini barcin wata biyar da kuɗin haya na biyu?
Ɗan hakin da ka raina.

Kada a ce washegari na warke. Ban warke ba.
Kwana uku ina fama da ƙanƙara a tsumma.
Bayan nan Marisol, mai koya motsa gaɓɓai, ta ce sunkuya,
saki hannun ya yi lilo kamar guga a rijiya.
Ta ce je ki bango, bar yatsu su hau a hankali.
Na ce yatsun da suka kitsa rabin unguwar nan
yau su ake koya wa rarrafe.

A bangon kicin akwai zanen fensir
inda nake auna tsawon Ramlatu tun tana shekara shida.
Yanzu ita ke riƙe da fensirin.
Litinin, na kai tsawonta na aji uku.
Bayan sati biyu na wuce na aji bakwai.
Ta rubuta kwanan wata, ta ce, Mama, kina girma.

Na sayi gajeriyar kujera don masu zuwa kitso,
kai ya sauko, hannu ya huta.
Jiya na sauko da gwangwanin daddawa daga can sama
ban kira kowa ba.
Sai da na buɗe shi na tuna
da wane hannu na ɗauko.